Wa Ya Ɓatar da Jan Kati, Hannu ko Aljani?

Ina aji shida na firamare aka cinye mini naira ashirin a wala-wala. Kuɗin takalmin makaranta ne, 'yar Murtala sabuwa fil, Inna ta ƙulle mini ita a bakin hankici ta ce kada in kwance sai a gaban mai takalmi. Ranar kasuwar garinmu ce. Kafin in isa rumfar 'yan takalma na tarar da mutane sun yi cincirindo a gindin wata darbejiya. Wani siririn mutum ya durƙusa gaban kwali yana watsa kati uku, biyu baƙaƙe ɗaya ja, bakinsa bai huta ba: ga ja, ga baƙi, mai ido shi ke ci. Wani dattijo mai babbar riga ya ajiye goma ya ɗauki ashirin. Ya sake ajiyewa, ya sake ci. Can mai katin ya juya yana yi wa wani yaro tsawa, sai dattijon nan ya yi wuf ya lanƙwasa kusurwar jan katin, ya ƙifta mana ido. Aka sake watsawa. Ga katin nan a tsakiya da kunnensa a lanƙwashe, ko makaho ya shafa ya gane shi. Ban san lokacin da na kwance hankicin ba. Aka buɗe, baƙi ne.

Ban iya tunkarar Inna ba, sai na zarce shagon Kawu, ƙanenta, wanda tela ne. Na ce, "Kawu, wallahi mutumin nan da asiri yake aiki. Da idona na ga katin." Bai ɗago daga keken ba sai da ya kai ƙarshen layin da yake ɗinkawa. Ya ce, "Asirin me? Miƙo mini almakashin can." Ya yanka kwalin zare gida uku, ya shafa wa ɗaya jan alli. Ya riƙe biyu a hannun dama, ɗaya a kan ɗaya, na ukun a hagu. Ya nuna mini mai allin yana ƙasa, ya watsa, ya ce nuna. Na nuna, ba shi ba ne. Sau huɗu ina faɗuwa. Sannan ya yi mini a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala: hannu yana tafiya kamar zai saki katin ƙasa, amma na sama yake sulalewa. Lanƙwasar kuwa, ɗan yatsa ɗaya ke miƙar da ita, ya lanƙwasa wani katin, duk a cikin tattarawa. Ya ce, "Ka ga aljanin naka ke nan, ɗan nan. Yatsu biyar gare shi, kamar ni da kai."

Shekaru da yawa bayan haka na ci karo da wata karin magana ta Turanci, sleight of hand, sai na ji kamar da Kawu aka ƙirƙiro ta. In za a fassara ta kai tsaye, wayon hannu ke nan. Ita ce sunan da Bature yake kiran aikin mai dabo idan ya ɓatar da kwabo a tafinsa ya ciro shi a bayan kunnen yaro, ita ce kuma yake jifan minista da ita idan ya ba talaka sisi da dama ya zare sule da hagu. Kalmar farko ta tsufa ƙwarai. Daga harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, 'yan Viking ɗin nan da suka mamaye arewa da gabashin Ingila a ƙarni na 9, har suka ci birnin York a 866. A bakinsu tana nufin wayo da iya dabara, kuma tushenta ɗaya da kalmar sly da Turawa ke kiran mutum mai makirci. Yau kusan ta mutu, a cikin wannan karin maganar kaɗai take numfashi, shi ya sa Turawa da yawa ma ba sa iya rubuta ta daidai, sai su rubuta slight, wato ɗan kaɗan, don lafazinsu ɗaya. Ingilishi ya kuma aro wata daga Faransanci, legerdemain, ma'anarta hannu marar nauyi. Balarabe ma yana cewa khiffatul yad, rashin nauyin hannu.

To mu fa? Muna da dabo, muna da siddabaru, muna da wala-wala, amma kalmar da ta fi zama a bakinmu ita ce rufa-ido. Bature ya dubi hannun mai yi, mu muka dubi idon wanda aka yi wa. Ba na raina kalmarmu, don ta kama wani abu da tasu ta bari, kuma zan dawo kansa. Damuwata ita ce abin da muke ɗora mata. In Bahaushe ya ce an yi masa rufa-ido, sau tari yana nufin an karanta wani abu an tofa, ko an ɗaura laya a damtse, ko an binne wani abu a ƙofar shago. Daga nan sai a shiga lissafin layar zana da baduhu da shashatau. Kafin ka ankara ɓarawo ya tashi daga ɓarawo ya koma hatsabibi, wanda aka cuta kuma ya koma wanda ƙaddara ta faɗa wa. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'ar tana jawo mana asara fiye da yadda muke zato, kuma wanda ya fi kowa cin moriyarta shi ne macucin.

Bature ma ba da wannan fahimtar aka haife shi ba. A ƙarni na 16 a Ingila ana rataye tsofaffin mata bisa zargin maita, da doka da alƙali da komai. A 1584 wani mutumin yankin Kent mai suna Reginald Scot ya fitar da littafi yana cewa yawancin waɗannan bayin Allah talakawa ne da tsufa da rashin gata suka kayar, ba su ƙulla komai da Shaiɗan ba. Don ya kafa hujja sai ya je ya koyi dabo, ya zauna ya rubuta yadda ake yinsa dalla-dalla: yadda ake ɓoye ƙwallo tsakanin yatsu, yadda kwabo ke ratsa tebur, yadda ake nuna kan mutum a faranti kamar an sare shi alhali tebur ne mai rami. Har ya ba da haƙuri ga talakawan da ke cin abinci da sana'ar, don ya san ya taɓa musu tukunya. Sarki James na Sikotland bai ji daɗin littafin ba, ya rubuta nasa a 1597 yana sukar Scot, kuma da ya hau gadon Ingila aka ƙara tsananta dokar maita a 1604. Sai a 1735 majalisarsu ta juya dokar gaba ɗaya: daga ranar, laifin ya koma kan wanda ya yi iƙirarin yana da wani iko na ɓoye don ya ci kuɗin mutane. Shekara ɗari da hamsin ke nan tsakanin littafin da dokar.

Na san abin da wani mai karatu zai ce a nan, don an sha faɗa mini a majalisa: Malam, kai kana musun sihiri ne? Ba na musu. Abin da Alƙur'ani ya tabbatar ba ni da bakin magana a kansa. Amma malaman da suka fi ni sanin Alƙur'ani su ne suka fara rarrabe abin, tun kafin a haifi kakan kakan Scot. Imamu Razi, wanda ya rasu a 1210, ya kasa sihiri kashi-kashi, Ibn Kasir kuma ya kawo rabon nasa a tafsirin aya ta 102 ta Suratul Baƙara. Ɗaya daga cikin kashe-kashen shi ne ɗauke ido da saurin hannu, inda ya bayyana cewa gwanin yakan shagaltar da masu kallo da wani abu har hankalinsu ya tattaru a kai, sannan ya aikata wani abin daban da sauri. Wannan ai shi ne darasin Kawu, ba ragi ba ƙari. Game da bokayen Fir'auna ma, Suratul A'araf ta ce idanun mutane suka sihirce, kuma akwai malaman tafsiri da suka ambaci cewa zaiba aka ɗura a igiyoyin da sandunan, zafi ya sa suka riƙa motsi.

Akwai kuma wani mutumin Dimashƙa a ƙarni na 13, Abdurrahim al-Jaubari, wanda ya yi yawon duniya yana zama da 'yan damfara iri-iri, ya dawo ya rubuta littafi sukutum na tona musu asiri: masu da'awar annabta, shehunan ƙarya, masu cewa suna mayar da tagulla zinariya, likitocin bogi, masu canjin kuɗi da ke sauya tsaba a tafin hannu. Wani sarki ne ya sa shi aikin. Wato a ƙasar Musulmi, shekara ɗari takwas da suka wuce, mai mulki ya sa an rubuta littafin da ke bayyana yadda ake yaudarar mutane. Saboda haka in na ce a duba hannu tukuna kafin a ambaci aljani, ba aron tunanin Bature na yi ba. Kayanmu ne muka bari a rumbu har gara ta fara ci.

In kana son ganin tsadar rashin wannan ilimi, dubi abin da ya faru a Aljeriya a 1856. Faransawa sun gaji da tawayen da wasu shehunan ƙasar ke hurawa, waɗanda mutane suka yarda suna da karama. Sai gwamnati ta ɗauko wani maƙerin agogo da ya zama shahararren mai dabo, Robert-Houdin, ta kai shi birnin Aljiyas ya yi wasa gaban shugabannin ƙabilu. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, ya ajiye wani ɗan akwati a dandamali, ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ce ɗaga. Ya ɗaga kamar wasa. Sai ya ce masa yanzu zan zare maka ƙarfinka, sake ɗagawa. Mutumin ya yi nishi, ya yi gumi, akwati ko gezau. Gindin akwatin ƙarfe ne, a ƙarƙashin dandamalin kuma akwai maganaɗisun lantarki da ake kunnawa a ɓoye. Daga ƙarshe aka sakar wa bawan Allah lantarki ta mariƙin akwatin, ya yi ihu ya arce. Ɗan makarantar sakandare na yau zai iya haɗa wannan da waya da batir. Amma ranar, a gaban mutanen da ba su taɓa jin labarin maganaɗisun lantarki ba, ya zama hujjar cewa bokan Nasara ya fi nasu, don haka gara a miƙa wuya. Duk lokacin da na tuna wannan labari sai raina ya ɓaci, kuma ba da mai dabon kaɗai nake fushi ba.

Irin wannan akwati yana nan a unguwanninmu, kaya kawai ya sake. Wani maƙwabcinmu mai sayar da hatsi, mutum mai hankali wanda ba ka isa ka tauye masa ko rabin tiya ba, ya kai wa wani mutum kuɗin buhu arba'in don a ninka masa. Da farko an gwada masa da ƙananan kuɗi: ya sa dubu a ƙwarya, aka rufe da jan ƙyalle, aka yi turare, aka buɗe sai ga dubu biyu. Ya je ya kashe su a kasuwa, kuɗi ne na gaske. Ya koma da dubu goma, ya dawo da ashirin. A karo na uku ya kwashi jarinsa duka. Aka ba shi akwati a kulle aka ce kada ya buɗe sai bayan kwana bakwai, kuma in ya faɗa wa wani mahaluki zai haukace. Ya cika kwana bakwai cif. Takardu ya tarar a ciki, an yanka su daidai girman kuɗi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sai da ya ƙara wata biyu bai gaya wa kowa ba, har matarsa, yana ramewa yana tsoron hauka. A cikin wata biyun nan mutumin ya gama da wasu ya tattara ya bar gari. Da maƙwabcin nan ya ɗauka cewa ƙwarya ce mai gindi biyu, da washegari yana ofishin 'yan sanda. Tsoron asirin shi ya yi wa ɓarawon gadi, kyauta.

Wani lokacin ma asarar ta wuce kuɗi. A 2023 an yi ta jin ihun an sace mazakuta a Abuja da kewaye: mutum ya gaisa da wani ko ya goge shi a tasha, sai a yi kururuwa, jama'a su rufar masa da duka kafin kowa ya tambayi komai. 'Yan sanda sun yi ta kai masu ƙorafin asibiti ana samunsu lafiya ƙalau, har aka gurfanar da wasunsu kan ƙarya. Wanda aka fasa wa kai fa, wa zai biya shi?

Yanzu bari in dawo kan abin da rufa-ido ta fi wayon hannu kamawa. Duk mai dabon kirki zai gaya maka cewa saurin hannu shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Babban aikin shi ne ya zaɓar maka inda za ka duba. Akwai wani tsohon zane na wajen shekarar 1500 da ake danganta wa Hieronymus Bosch, mutumin Holan. Mai dabo yana tsaye bayan tebur da kofuna da 'yan ƙwallaye, wani babban mutum ya sunkuyo ya saki baki yana kallo, har kwaɗo na leƙowa daga bakin nasa. A bayansa wani mai tabarau ya ɗaga kai sama kamar mai tunanin lahira, hannunsa kuwa yana kan alaben mutumin. Na daɗe ina kallon hoton zanen nan a waya, don na gane mai tabarau. Shi ne dattijona mai babbar riga. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka jefa. Ana cikin haka wani mai shigar goggon biri ya ratso tsakiya, ya tsaya ya bugi ƙirji, ya wuce. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Ba a tofa musu komai ba, ƙirge kawai aka ba su. Muna cewa gani ya kori ji, alhali ido bawan hankali ne, inda aka aike shi nan yake zuwa.

Wannan ne ya sa karin maganar ta bar dandalin wasa ta tare a shafukan siyasa na jaridun Ingila. Misalin da na fi so shi ne kasafin kuɗin Gordon Brown na watan Maris 2007, na ƙarshe da ya gabatar yana ministan kuɗi kafin ya zama firaminista. Ya yi dogon jawabi, sai a daƙiƙun ƙarshe ya sanar cewa ya rage harajin albashi na gama-gari daga kashi 22 cikin ɗari zuwa 20. 'Yan jam'iyyarsa suka ɓarke da sowa, 'yan adawa suka yi zuru. A cikin jawabin nan dai, can baya inda ba a tafa ba, ya soke matakin haraji mafi ƙanƙanta na kashi 10, wanda masu ƙaramin albashi ke morewa. Wato wani ɓangare na kuɗin da ake cire wa kashi 10 yanzu kashi 20 za a cire masa. Sai da aka fara aiki da tsarin a 2008 miliyoyin masu ƙaramin ƙarfi suka ga albashinsu ya ragu, rigima ta tashi har cikin jam'iyyarsa, gwamnati ta koma tana faci. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Duk abin da ya yi yana rubuce a takarda, kowa na iya karantawa. Jan katin ya ɗaga sama, baƙin ya sulale.

Sauran misalan ba sa buƙatar dogon bayani. Ranar 11 ga Satumba 2001, gine-ginen New York suna ci da wuta, wata mai ba ministan sufurin Birtaniya shawara, Jo Moore, ta aika wa abokan aikinta saƙo cewa yau rana ce mai kyau ta fitar da duk labarin da ake son binnewa. Saƙon ya fallasa, daga baya ta bar aikin. A 2016 kuma masu cakulan Toblerone suka faɗaɗa gibin da ke tsakanin tsinin cakulan ɗin a Birtaniya, mai giram 400 ya koma 360, mai 170 ya koma 150, kwali yana nan yadda yake. Mu nan mun san wannan tun kafin a yi cakulan. Buga gindin mudu ake ce masa.

Sai dai a nan ne nake da ƙorafi kan karin maganar kanta. Tana da ladabi fiye da kima. In ɗan jaridar Landan ya rubuta cewa minista ya yi wayon hannu, akwai ɗan yabo a ɓoye a ciki, kamar mai cewa kai, mutumin nan gwani ne. Kalma ce da aka haifa a wurin nishaɗi, har yau ƙanshin tafi bai bar ta ba. Tana ba marubuci damar ya zargi babban mutum ba tare da ya ce masa macuci ba, lauyoyi ba su taso ba, kowa ya kwana lafiya. Mu ma muna da wannan ciwon. Mun tashi da tatsuniyar Gizo, muna dariya yana cinye dukiyar marayu. Ɗan siyasa ya karkatar da kuɗin asibiti a ce ya iya taku. Yaro ya damfari baƙo a intanet a ce ya waye. Wanda aka cuta shi ake yi wa dariya, shi ya sa yake ɓoyewa, kamar yadda na ɓoye wa Inna. Mai dabon gaskiya da macuci hannunsu iri ɗaya ne, amma na farko ya gaya maka tun a ƙofa cewa zai ruɗe ka, ka biya kuɗin shiga da yardarka, ka fita da alabenka. Na biyu bai gaya maka ba. Bai kamata kalma ɗaya ta rufe su duka da mayafi ɗaya ba, ko a Turanci ko a Hausa.

Kuma kada wani ya ɗauka cewa mallakar karin magana ta hana Bature faɗawa rami. Har gobe masu wala-wala suna shimfiɗa tabarmarsu a kan gadar Westminster, dab da majalisar dokokin Birtaniya, da kofuna uku da abokan cin mushensu, suna kwashe kuɗin masu yawon buɗe ido. Kwaɗayi ba shi da ƙabila. Bambancin da nake gani ɗaya ne: wanda aka cinye a gadar nan ya san mutum ne ya cuce shi, in ya ga ɗan sanda zai nuna masa shi da yatsa, ba ya tsoron zai wayi gari yana tsince-tsince a bola.

Abin da nake so a yi ba shi da tsada. A makarantun firamare da ƙananan sakandare, da Islamiyyu ma, a samu rana ɗaya a zango da malami zai shigo aji da kati uku, da ƙwarya mai gindi biyu, da baƙar takardar da ake wankewa ta koma kuɗi, ya yi wa yara dabo har su saki baki, sannan ya juya hannunsa ya nuna musu yadda aka yi. A bar su su gwada da kansu har su iya. Gidajen rediyonmu da ke sayar da sa'o'i ga masu maganin ƙarfe da masu ninka arziki su ware ko minti goma sha biyar a mako ga wanda zai warware irin waɗannan ƙulle-ƙulle. In yaro ya girma kaɗan, a ɗauko masa takardar kasafin kuɗi ko tallar wani kamfanin zuba jari mai alƙawarin riba ninki cikin wata guda, a tambaye shi: ina ake so ka duba, me ɗaya hannun yake yi? Waɗanda MMM, tsarin nan na ninka kuɗi ta intanet, ta kwashe wa kuɗi a ƙarshen 2016 ai wasan ƙwaryar maƙwabcina aka yi musu, an ba su ƙaramin ci na gaske don su kawo babba. Da yawansu masu digiri ne.

An ce mini wannan koya wa yara sata ne. Ɓarayi suna da makarantarsu tun tuni, ba su taɓa jiran manhajar gwamnati ba, kuma ba a yajin aiki a can. Wanda bai da makaranta shi ne wanda za a cuta. An kuma ce za a kashe wa masu dabo kasuwa. Ƙungiyar masu dabo ta Landan, wadda aka kafa a 1905, takenta ma shi ne kada a fallasa sirri, kuma tana korar ɗanta in ya yi. Na fahimce su, amma tun zamanin Scot ake buga littattafan tona dabo, sana'ar ba ta mutu ba. Ni da na san yadda ake sulale katin sama, har yau in gwani ya yi a gabana ba na gani, daɗin kallon ma ƙaruwa ya yi. Abin da sanin ya kashe a zuciyata tsoro ne kawai, da kuma saurin kwance hankici.

Kawu bai ba ni naira ashirin ba, kuma bai rufa mini asiri wurin Inna ba, na sha abin da na sha. Amma da kasuwa ta zagayo ya rufe shago da hantsi, abin da ba ya yi, ya ce in biyo shi. Muka tsaya nesa kaɗan da darbejiyar. Ya ce, "Kada ka kalli katin. Kalli mutanen." Na kalla. Ga dattijona, yau da hula daban, ya ajiye goma ya ɗauki ashirin. Ga wani mai kwandon kaji da ya faɗi sau biyu da gangan a kan katin da kowa ya ga ba shi ba ne, har wani baƙauye ya ji haushin wautarsa ya fara laluben aljihu. Ga yaron da ake yi wa tsawa, a daidai inda ya tsaya makon jiya. Ga wani kuma can gefe da bai kalli kwalin ko sau ɗaya ba, hanyar da 'yan sanda ke ɓullowa kawai yake kallo. Na ƙirga su huɗu. Mai kallon hanyar ya lura da mu, ya tako a hankali yana sakace, ya gaida Kawu da ladabi, ya ce, "Malam tela, rana ta yi, a kai yaro gida." Kawu ya ce, "Yanzu kuwa." Da la'asar muka wuce su a teburin mai shayi, su huɗun da mai katin, dattijon ya tuɓe babbar rigar ya ninke ta a cinya, yana raba musu kuɗi.